Scorsese da tsofaffin finafinai: koyi ne ko wankiya?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu bibiyar finafinan Amurka. Martin Scorsese, wanda ya yi Taxi Driver da Goodfellas, kusan duk hirar da za a yi da shi sai ya bar zancen nasa fim ya koma kan wani tsohon fim na shekarun 1940 ko 1950, yana ba da labarinsa kamar jiya ya kalla. Har shirye-shirye ya yi sukutum a kan wannan: na 1995 kan finafinan Amurka, na 1999 kan na Italiya wanda ya kai awa huɗu, ga kuma na 2024 kan masu shirya fim Powell da Pressburger na Ingila, inda shi ne mai ba da labari. Kuma da bakinsa yake cewa fitowa kaza daga fim kaza ya samo ta. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, mu nan idan darakta ya ɗauko daga fim ɗin Indiya sai mu ce wankiya ya yi, mu yi masa caa. Shi kuwa jinjina ake masa. Ina bambancin yake? Ko don shi Bature ne?

Malam_Edita:
Wa'alaikumussalam. Bambancin a fili yake, Ɗan Fagge. Mai wankiya labarin yake ɗaukewa gaba ɗaya, ya canja sunaye da kaya, sannan ya yi fatan kada a gane. Scorsese dabara yake ɗauka, ya zuba ta cikin labarin da ba shi da alaƙa da na farko, sannan ya kama hannunka ya kai ka inda ya samo ta. Ga misali. The Red Shoes fim ne na Powell da Pressburger na 1948 kan wata yarinya mai rawar bale. Raging Bull na Scorsese na 1980 kuwa labarin ɗan dambe ne, Jake LaMotta. Me ya haɗa rawa da dambe? A fim ɗin rawar akwai wata doguwar fitowa, kusan minti 15, inda kyamara ta daina kallon mai rawar daga kujerar 'yan kallo, ta shiga cikin kanta, muna ganin abin da take ji. Scorsese ya ce wannan ne ya yi masa jagora wurin ɗaukar damben. Shi ya sa kyamararsa tana cikin filin tare da jarumin fim ɗin, Robert De Niro, ƙarar mutane tana dushewa, naushi yana zuwa a hankali sannan ya fashe. Babu jimla ɗaya ta labarin rawar a ciki. Wannan koyi ne, koyi mai kyau ma.

Ummin_Sadiq:
Ni dai abin da ya fi taɓa ni a labarinsa shi ne yadda son ya fara. An haife shi a 1942 a New York, ya tashi a unguwar 'yan Italiya, mahaifinsa mai guga ne a masana'antar tufafi, mahaifiyarsa mai ɗinki. Yana da ciwon asma tun yana ƙarami, ba ya iya guje-guje da yara a titi, sai iyayensa su riƙa kai shi silima. Duk uwar da take da yaro mai asma ta san wannan zaman: sauran suna waje suna ƙwallo, naka yana bakin taga yana kallonsu. Shi Allah ya buɗe masa wata ƙofa ta nan.

Sani_Damagaram:
Anti Ummi, ki ƙara da talabijin ɗin gidansu. A wancan shirin na 1999 ya ba da labarin yadda ake nuna finafinan Italiya na bayan yaƙi a talabijin, irin su Paisà na Rossellini da Bicycle Thieves na De Sica, dangi su taru a ɗaki suna kallo. Kakanninsa daga Sisili suka yi hijira. Yana yaro yana kallon allo, sai ya waiga ya ga tsofaffin suna hawaye, domin ƙasar da suka baro ce suke gani cikin yunwa da rusau. Wanda ya fara sanin fim ta wannan hanya ba zai taɓa ɗaukarsa abin wasa ba.

Abu_Kyamara:
Ku yi haƙuri, ni ban gamsu ba. Duk wannan labarin yarinta mai daɗi ne, amma bai amsa tambayar ba. Ƙarshen Goodfellas fa? Ɗan wasa Joe Pesci ya kalli kyamara ya harba bindiga. Wannan ɗaukar sak ita ce a The Great Train Robbery na 1903. Taxi Driver kuma ƙashin bayansa The Searchers ne na John Ford, 1956: tsohon soja mai cike da ƙiyayya ya tashi ceto yarinyar da ba ta ce a cece ta ba. Idan ɗan Kano ya yi haka, wallahi sai kun ce ya yi wanki.

Malam_Edita:
Abu, labarin Taxi Driver ba Scorsese ya rubuta ba, Paul Schrader ne, kodayake dukansu biyu sun sha faɗin tasirin fim ɗin Ford a kansu. Amma ka duba abin da suka yi da shi. A wurin Ford ana cikin sahara da dawakai, shekaru kaɗan bayan yaƙin basasar Amurka. A nan kuwa direban tasi ne a New York mai ƙazanta, ya dawo daga Vietnam, ba ya iya barci. Tambaya iri ɗaya suka yi wa zamani daban: wannan mai ceton jarumi ne ko mahaukaci? Harbin Pesci kuwa daƙiƙu kaɗan ne cikin fim mai kusan awa biyu da rabi, kuma an sa shi ne don wanda ya sani ya gane. Ɓarawo ba ya sa kayan sata a ƙofar gida.

Abu_Kyamara:
To ai shi ke nan, kenan sharaɗin shi ne ka faɗa. Idan na wanke fim na rubuta a ƙarshe cewa daga wuri kaza na ɗauko, na fita?

Bintu_Marubuciya:
Ka fita daga ƙarya, Yaya Abu, amma ba ka shiga sahun masu ƙirƙira ba tukuna. Abu biyu ne. Kuma shi kansa Scorsese ya yi irin wanda kake nufi a fili: The Departed, wanda ya ba shi Oscar ɗinsa na darakta a 2007, daga fim ɗin Hong Kong aka sake shi, Infernal Affairs na 2002. Cape Fear na 1991 ma sabuntawa ne na fim ɗin 1962. An sayi haƙƙi, an rubuta sunan masu shi. Matsalarmu a nan ba a neman izini, ba a ambaton kowa, kuma sau da yawa ba a tsaya an tambayi ko labarin zai zauna a gidan Bahaushe ba.

Baba_MaiMajigi:
Yara, ku bar ni in sa baki, domin na yi aikin haska fim a silima a zamanin da faifai ne ake ɗorawa. Ku kuna ta maganar wa ya ɗauki me. Ni abin da nake girmama mutumin nan a kai daban ne. Ku ba ku san yadda fim yake mutuwa ba. Faifan yakan zo mana cikin gwangwani, ya zaga garuruwa kafin ya iso, duk ya karce, an yanke an liƙa. Wani idan ka buɗe gwangwanin sai wani warin tsami ya buge ka, to wannan ya fara ruɓewa, ba ya dawowa. Mai kala kuma idan ya tsufa, shuɗi da kore su gudu, komai ya koma ja-ja, sararin sama ja, fuskar jarumi ja. Idan kuma faifai ya maƙale a gaban fitila, kana kallon allo za ka ga wani ɗigo ya fito a tsakiya, ya yi ta faɗi yana cin hoton, 'yan kallo su hau ihu, kai kuma hannunka na rawa kana neman almakashi. Abin da aka yanke ya tafi kenan.

Scorsese ya ga wannan tun da wuri. A 1980 ya tara 'yan'uwansa daraktoci suka matsa wa kamfanin Kodak lamba kan kalar da take kodewa, kuma cikin 'yan shekaru aka fito da faifai mai riƙe kala. A 1990 ya kafa gidauniyar Film Foundation tare da su Spielberg da Lucas da Coppola da Kubrick, babban aikinta ceto tsofaffin finafinai. Zuwa yanzu sun taimaka an gyara fiye da 1,000. Wanda yake sata ba ya kashe ƙarfinsa wurin raya abin da ya sata don kowa ya gani.

Ɗan_Fagge:
Allah ya ƙara girma, Baba. Da gaske finafinai suna ɓacewa har a Amurka? Na ɗauka su komai nasu a ajiye yake.

Sani_Damagaram:
Sosai ma. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar da bincike a 2013 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinansu na zamanin da babu sauti sun ɓace gaba ɗaya. Faifan da ake amfani da shi har farkon shekarun 1950 yana kama wuta cikin sauƙi. Rumbun kamfanin Fox ya ƙone a 1937, na MGM a 1965. Wasu kuma da gangan aka lalata su, don kamfanoni ba su ga amfanin ajiye abin da ya gama kawo kuɗi ba. Fim ɗin Scorsese Hugo na 2011 ai wannan ne zuciyarsa: Georges Méliès na Faransa, wanda ya yi finafinai sama da 500, aka narkar da da yawa daga cikinsu lokacin yaƙin duniya na farko, shi kuma ya ƙare yana sayar da kayan wasan yara a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse.

Bin_Usman:
Ni ina da ja a kan wannan yabon da ake ta yi. Mutumin nan shi ne ya yi fim a 1988 yana siffanta Annabi Isa, alaihis salam, ta hanyar da Kiristoci da kansu suka yi tir da ita, ƙasashe da dama suka hana nunawa. Finafinansa cike suke da jini da ashar. The Wolf of Wall Street ko kai kaɗai ne a ɗaki sai ka ji kunya. Son tsofaffin finafinai ba ya wanke wannan.

Ummin_Sadiq:
Malam Bin Usman, a kan wancan fim ɗin ina tare da kai, ban kalla ba kuma ba zan kalla ba. Yawancin nasa ma ba na zama da yara a gabansu. Amma tambayar Ɗan Fagge a kan sana'a ce. Ana iya ƙin abin da mutum ya yi a wuri ɗaya, a kuma yarda cewa ya yi aikin kirki a wani wurin. Hugo dai na kalla da yarana, babu abin kawar da kai.

Bin_Usman:
Na ji, Hajiya. Ni dai a riƙa faɗin duka biyun, kada matasa su ɗauka komai nasa abin koyi ne.

Bintu_Marubuciya:
Ba wanda ya kawo labarin Michael Powell kansa, kuma a ganina nan ne amsar take. Powell yana cikin manyan daraktocin Ingila a shekarun 1940. A 1960 ya fitar da Peeping Tom, 'yan jarida suka yi masa rubdugu, daga nan aiki ya ƙafe masa a ƙasarsa. Lokacin da Scorsese ya neme shi a tsakiyar shekarun 1970, dattijon yana zaune a karkara cikin rashi, an manta da shi. Sai ga matashin darakta daga Amurka yana zayyano masa finafinansa fitowa bayan fitowa, yana gaya masa cewa shi da abokansa a kansu suka tashi. Bai tsaya a yabo ba. Ya taimaka aka sake nuna Peeping Tom a New York a 1979, ya jawo shi jiki ya zama mai ba shi shawara. Powell ne ma ya kalli gwajin damben De Niro ya ce jan safar hannun nan bai yi ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka yi Raging Bull baƙi da fari. Scorsese ne ya haɗa shi da editarsa Thelma Schoonmaker, suka yi aure a 1984, suna tare har ya rasu a 1990. Bayan shekaru aka gyara The Red Shoes tsaf, aka nuna a bikin finafinai na Cannes a 2009.

Mu da muka tashi a tsarin karatun zaure mun san wannan ɗabi'ar. Almajirin kirki idan ya kawo mas'ala yakan ce daga Malam wane na ji, shi kuma daga wane, kuma idan malamin ya tsufa shi ne mai kai masa cefane. Yaya Abu, wane mai wankiya ka sani da ya je ya nemo wanda ya wanka ya share masa hawaye?

Abu_Kyamara:
Wannan labarin ya yi kyau, Bintu, ban musa ba. Amma ina da wani ƙorafin. Son tsohon abu yakan sa mutum ya raina sabo. A 2019 ya ce finafinan Marvel ba silima ba ne, sun fi kama da wuraren wasan lilo. Miliyoyin mutane suna son su. Wa ya ba shi ikon yanke hukunci?

Zango_Kumasi:
Ni masoyin Marvel ne kuma maganar ta yi min zafi a lokacin. Amma da na karanta dogon bayanin da ya rubuta a New York Times bayan nan, na ga damuwarsa ta fi ƙarfin raini. Cewa yake manyan finafinan nan sun cinye gidajen silima, ƙaramin fim ba ya samun allo. Shi kansa The Irishman sai Netflix ce ta ba da kuɗin yin sa. Har yanzu ina ganin ya yi tsauri, amma ba ƙiyayyar sabo ba ce.

Malam_Edita:
Kuma wanda yake raina abin da ba nasa ba, ba zai kafa shirin gyaran finafinai na World Cinema Project ba. A 2007 ya buɗe shi don ƙasashen da ba su da kuɗi ko kayan gyaran faifai. Na farko da suka gyara fim ɗin Maroko ne, Trances na 1981, kan mawaƙan Nass El Ghiwane, wanda ya ci karo da shi a talabijin cikin dare ya kasa mantawa. Sai Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty na Senegal a 2008, sai na Ousmane Sembène, shi ma ɗan Senegal. A 2017 suka haɗa kai da UNESCO da ƙungiyar masu shirya finafinai ta Afirka, FEPACI, da ɗakin adana finafinai na Bologna, da niyyar fara gyara finafinan Afirka 50. Soleil Ô na Med Hondo ɗan Muritaniya shi ne na farko a wannan shirin.

Ɗan_Fagge:
To ashe shi ne ya gyara Shaihu Umar? Na ji an ce an nuna shi a Turai.

Sani_Damagaram:
A'a, wannan ba aikinsu ba ne. Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. A 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar finafinai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Mu ma a Nijar muna da Oumarou Ganda, wanda ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972, da Moustapha Alassane. Ka tambayi matasanmu masu riƙe kyamara ko sun taɓa zama sun kalli aikinsu.

Hajiya_Mai_Kaset:
Wannan magana ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Na yi sana'ar hayar kaset shekaru. Da CD ya shigo na tattara su cikin buhuna na sa a ɗakin ajiya. Bara na buɗe, fumfuna ta yi fari fat a jikin zaren, wasu sun manne, ka ja su tsinke. Finafinan Hausa ne na farko-farko, irin waɗanda ko masu su ban tabbata suna da kwafi ba. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau ba wani dogon zamani ba ne, amma abubuwa suna salwanta a hannunmu. Na zauna a ƙasa ina goge su da tsumma, raina duk a ɓace.

Baba_MaiMajigi:
Hajiya, kada ki goge da tsumma, kuma kada ki sa mai fumfuna cikin bidiyo, zai lalata kan injin ya shafa wa sauran. Ki ware masu lafiya daban, ki ɗaga su daga ƙasa, wuri mai sanyi marar laima, a tsaye ba a kwance ba. Masu lafiyar a fara juye su a kwamfuta tun ana samun injin da yake aiki.

Ummin_Sadiq:
Ni kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne har Indiya son nasa ya kai, amma ba irin Indiyar da muka saba ba. Satyajit Ray yake so, mai Pather Panchali na 1955, fim ɗin talakawan ƙauyen Bengal, babu rawar masoya a ciki. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka ba Ray Oscar na girmamawa a 1992, aka kai masa har gadon asibiti a Kalkata, makonni kaɗan kafin ya rasu. Mu mun shekara da shekaru muna kallon Indiya, yawancinmu ko sunan ba mu sani ba.

Abu_Kyamara:
Anti, a nan ne nake ganin kuna yi wa namu rashin adalci. Scorsese ya tashi a garin da ake nuna fim ɗin Italiya da Ingila a talabijin, akwai silima a kowace kwana, ya yi karatun fim a jami'ar New York. Darakta a Kano da me ya tashi? Da abin da aka kawo silimar unguwarsu da abin da ke shagon kaset. Kowa daga abin da ya gani yake ɗiba. Ka ba yaro Indiya kaɗai shekara ashirin sannan ka zage shi don ya yi rawa da waƙa?

Bintu_Marubuciya:
Wannan uzurin na da ne, Yaya Abu, kuma na karɓe shi ga na da. Yanzu wayar da ke hannun kowa ta fi talabijin ɗin gidan su Scorsese kaya. Kuma ni ban ga laifin tasirin Indiya ba, an tashi da shi, ya zama namu ta wata fuska. Abin da nake nema shi ne darakta ya iya zama ya ce fim kaza ne ya sa na shiga sana'ar nan, ga fitowar da ta hana ni barci, ga abin da na koya daga yadda aka ajiye kyamara. Ko na Indiya ne ya faɗa da alfahari.

Ɗan_Fagge:
Ni har yanzu ina ganin layin da ke tsakanin koyi da wanki bai kai kaurin da Malam Edita yake nunawa ba, musamman wancan harbin na Goodfellas. Amma zan nemi The Red Shoes in kalla, sannan in sake kallon damben. Hajiya, buhunan nan guda nawa ne suka tsira? Akwai wani abokina mai injin bidiyo da yake juye kaset ɗin biki, zan tambaye shi ko zai iya.

Hajiya_Mai_Kaset:
Sai na zauna na tantance, ɗana. Ka tambaye shi tukuna ko injin nasa yana karɓar masu dogon zango, don yawancinsu irin su ne.